Yaya Tokue Da Rigar Yarima

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, Yaya Tokue ta cika a ɗakinta na bayan gidan ƙanenta Rokuro, tana da shekara tamanin da ɗaya a duniya. Dusar ƙanƙara ta toshe hanya a ranar, sai da likita ya bar motarsa a bakin gada ya ƙaraso da ƙafa, ko da ya iso babu abin da ya rage masa sai duba agogo. Ni ce a gefenta. Hannunta na hagu, wanda ya riga ta mutuwa da shekaru, yana cikin nawa.

Masu kula da mujallar masoyan ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo sun ce in rubuta ta'aziyya, tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka hau dandamali da ita tun farko. Sun roƙe ni in yi ta da laushi. Zan yi laushi inda ya kamata. Inda bai kamata ba kuwa su yi haƙuri, na tsufa, ba ni da sauran wanda nake jin tsoro.

Yaya, ni ce Fusae, wadda ta shekara arba'in tana mutuwa saboda ke a kan dandamali, yau ina gimbiya, gobe ina 'yar masunci, jibi ina matar wani da ba ta jin magana. Ƙungiyarmu ta mata ce zalla tun kafuwarta, duk namijin da ake buƙata a wasa mace ce take zama shi. Ke ce Yarima Munetoki. Uwar ƙungiya ce ta tsamo shi daga tsofaffin labaran fada, irin kyawawan samarin nan na shekaru dubu da suka wuce, masu tsara waƙa da busa sarewa, waɗanda mace ke jin ƙamshin rigarsu ta bayan labule ta kasa cin abinci. Kowane zamani da irin fuskar da yake ba su, wani a littafin zane, wani a majigi, wani a talabijin. Amma a garin nan namu mai maɓuɓɓugar ruwan zafi, daga masu masauki har masu wanke musu kwanuka, in aka ce Yarima fuska ɗaya ake nufi.

Kuma mu faɗi gaskiya tunda yanzu ba za ki jefe ni da takalmi ba: ba ki da kyau, Yaya. Haɓarki faffaɗa ce, hannuwanki na 'yar masunci ne, ƙafarki kuwa sai an ɗinka miki safa ta musamman. Ranar da na fara ganinki a bayan fage kina tsugune kina gaigayar busasshen kifi, na ɗauka mai gyaran fitila ce. Sai aka buga katako alamar za a ja labule, kika shafa farar hoda, kika ɗora doguwar baƙar hula, aka zura miki rigar nan ta alharini, shunayya. Kika miƙe. Ni da ya kamata in fara magana, na tsaya baki buɗe har mai tuni ta gaji da raɗa mini kalmomina daga gefe.

Da na je ba ki haƙuri bayan wasa, dariya kika yi. Kika ce, “Ke dai ci gaba da kallona haka. Kyan nan a idonki yake, yarinya. Abin da kika gani shi mutane za su gani.” Na ci gaba kuwa, kuma ko sau ɗaya ban tilasta wa idona ba.

A kan rigar nan maganata take, gara in yi bayaninta tun yanzu saboda masu karatu na nesa. Uwar ƙungiya ce ta fara sa ta. Da ta tsufa sai ta tuɓe ta a gaban jama'a, ta yafa wa Yaya da hannunta, aka shelanta Yarima na biyu. Dokarmu ke nan. Wadda rigar ta hau jikinta da yardar mai ita ko ta danginta ita ce Yarima, wadda ba ta samu ba ko ta fi kowa kyau mai kwaikwayo ce kawai.

Abin da mutane ba sa mantawa shi ne juyawarki. Yarima zai rabu da masoyiyarsa, ya ba ta baya, ya ɗaga hannu, sai faffaɗan hannun rigar ya tashi ya sauko a hankali, kamar shi ma ba ya son tafiyar. Mata kan fara sheshsheƙa tun kafin a zo wurin. To, da farko hannun rigar ba haka yake ba, fal-fal yake yi kamar shanya a igiya. Kika rasa dabara, ran nan kika tafi rumfar mahaifinki a bakin teku, kika yanko 'yan ƙwayoyin gasasshen yumɓun nan masu huji da ake ɗaura wa taru don ya nutse, kika ɗinke su a cikin lafin hannun rigar. Tsohon ya yi ta faɗa wai an lalata masa taru saboda wasan banza, amma shi ne a layin gaba ranar, da warin kifinsa da komai. Ban da 'yan gidanku, babu wanda ya san da ƙwayoyin nan sai mai ninke rigar bayan wasa. Ni ce mai ninkewa, daga baya aka samu ta biyu.

Yarima ya cinye miki rayuwa, kuma kika bar shi. Ba ya cin abinci a gaban mutane, ba ya riƙe jakar cefane, ba ya fyace hanci, ba ya aure, don haka ke ma ba kya yi. In mai gasasshen dankali ya wuce yana kira, ni ake turawa in ɓoyo shi a hannun rigata, ki shige ɗakin ajiya ki ci a tsugune kina hura yatsu. “Ɓawon ma bar mini, Fusae, ke gimbiya ce, ina kika san yunwa?” Bayan kowane wasa kuma, in muka fito bakin ƙofa sallamar 'yan kallo kamar yadda aka saba, ko zazzaɓi ne a jikinki sai kin tsaya har tsohuwar ƙarshe ta riƙe hannunki ta gaji don kanta.

Na tuna Gwaggo Otane, mai wankin zannuwan gado a masaukin bakin gada, wadda ba ta taɓa barin ranar rufe wasa ta wuce ta ba. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, 'yarta ta zo a kunyace ta ce tsohuwar tana ta kiran Yarima. Kika zauna gaban madubi. Kika yi cikakkiyar shiga da rana tsaka, kika taka cikin ƙanƙara har unguwar masu wanki, ni ina biye ina tattare miki bakin riga. Kika durƙusa gaban shimfiɗarta kika faɗa mata kalmomin da kike faɗa mini a wasa, tun daga farko har ƙarshe, tsohuwar tana motsa leɓe tare da ke. Mijinta yana gefe yana share hawaye da tawul, can ya ce, “Kai Yarima, ka ji tsoron Allah. Shekara hamsin ina kawo wa matar nan itace, ko sau ɗaya ba ta yi mini wannan kallon ba.” Kika amsa da muryar Yarima, “Yi haƙuri, Baba, aronta na yi, yanzu zan maido maka.” Otane ta yi dariya, kuma ita ce dariyarta ta ƙarshe.

Irin wannan zuciyar ce ta kawo mana Kazane. Tana budurwa ƙarama uwarta ta bi wani baƙo ta bar ta a ɗakin girkin wani masauki, kika gan ta tana kankare tukunya kika ce tsayuwarta ta yi miki. Kika kawo ta gida, kika ba ta shimfiɗarki mai kauri kika ɗauki mai tsufa. Ke kika koya mata tafiya irin ta maza, da saukar da murya, da riƙon mafici. Har cin abinci ke kika koya mata. Ina nan ranar da ta ɗauko yankan kifi da tsinkayenta na cin abinci za ta miƙa miki kai tsaye a naki tsinkayen, kika buge mata hannu. “Ke! Mutum biyu ba sa riƙe abu ɗaya da tsinke sai ranar tsintar ƙashin mamaci bayan an ƙona gawa. Ko gaggawa kike in mutu?” Ta fashe da kuka, kika tura mata naki kifin. Da ta yi hankali kika ce in bar mata ninkin rigar, na bar mata ba da son raina ba.

Da masu talabijin suka zo daga Tokyo neman sabuwar fuska don wani wasan ɗan fada, suka ɗauke ta, babu wanda ya zarge ta. Ke kika raka ta tasha. Duk ranar da za a nuna ta sai kin tara mu gaban akwatin kina nuni da yatsa, “Ga 'yata, ku dubi kafaɗar nan, nawa ce.” Ita kuwa gaisuwarta ta yi ta raguwa, daga ziyara ta koma kati a sabuwar shekara, daga kati ta koma shiru.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ki. Ya ɗauke hannun hagu, ya ja gefen fuskarki ƙasa, ya bar bakinki a karkace. Kika koma ɗakin bayan gidan Rokuro kika ja ƙofa. Abu ɗaya kika roƙa a duk rayuwarki, kuma a lokacin kika roƙe shi: kada wanda ya san Yarima ya ga wannan fuskar. Garin nan kaf ya riƙe miki amana. Mai kawo wasiƙa a bakin shinge yake ajiyewa ya juya. Masoyanki na nesa suna aiko furanni, ba wadda ta taɓa cewa a buɗe mata ƙofa. Maƙwabta in sun ji Rokuro ya fito da ke lambu shan rana, sai su rufe tagoginsu na wannan ɓangaren.

Ran nan da bazara sai ga Kazane, da kankana mai tsada a akwatin katako, da wani mutum a bayanta da ta ce direbanta ne. Ke da kika hana kowa, ita kika ce a shigo da ita. Ta durƙusa ta yi kuka a cinyarki. Ta ce, “Malama, hoto ɗan kaɗan kawai, ni kaɗai zan riƙa kallo in kewarki ta dame ni. Ki ɗaga mini hannun nan sau ɗaya, irin na da.” Kika dube ni, na girgiza kai, kika ce, “'Yata ce, Fusae.” Kika ɗaga hannun daman yana rawa, miyau yana bin gefen bakinki ba ki sani ba, direban nan kuwa yana ɗauka da kamara.

Bayan 'yan makonni ƙasar nan gaba ɗaya ta gani. Shiri guda suka yi, wai Yariman jiya da na yau. Suka nuna tsohon hotonki na dandamali, suka bi shi da wannan, suka rage gudunsa suka sa masa kiɗan tausayi, suka matso da bakinki har ya cika akwatin. Sannan ga fuskar Kazane, sumul, da hawaye guda da bai ɓata mata kwalliya ba, tana cewa Malama ta yi mata alkawarin rigar. A gabanki aka nuna, domin kamar kullum ke kika ce a kunna mu ga 'yarki. Kika kalla har ƙarshe. Kika ce, “Kashe.” Sannan kika ce, “Yarinya ce. Su suka sa ta.” Yarinyar nan ta haura hamsin a lokacin.

Daga ranar kika sa aka juya madubi ya fuskanci bango. Kika daina fita lambu, domin baƙi sun fara leƙe ta saman shinge da wayoyinsu. Abokan wasanmu na da ma kika ce kada su ƙara zuwa. Likita zai ce zuciya ce ta tsaya a watan Fabrairu, shi wannan aikinsa ne. Ni da nake kawo miki shayi ina mayar da shi da sanyinsa na san ranar da aka kashe ki, kuma na san wadda ta yi. Kin yafe mata, Yaya, na ji da kunnena. Ni ban yafe ba, kuma ba ki taɓa tambayata in yafe ba, don kin san amsar.

Washegarin rasuwarki ta iso, cikin baƙaƙen kayan makoki da suka zauna mata ɗas, da masu kamara a bayanta, wannan karon ba ta ma ce direbobi ba ne. Abokan Rokuro masunta, tsofaffi masu kafaɗu, suka jeru suka tare ƙofa, masu kamara suka koma mota. Ita ta shiga, ta ƙona turare a gabanki, ta juyo ta durƙusa wa Rokuro har goshinta ya taɓa tabarma. Ta ce, “Kawu, na san ba lokacinsa ba ne. Amma an riga an kama babban zaure a Tokyo, an sanar wa duniya za a naɗa Yarima na uku. In an gama jana'iza gobe, ka ba ni rigar da hannunka. Burin Malama ke nan.”

Kin san ƙanenki, mutumin da bai taɓa iya ce wa mai talla a'a ba. Ya yi ta susar ƙeya, ya ce bari a gama tukuna. Ya same ni a ɗakin girki ina dafa wa baƙi shayi.

“Yaya Fusae, yaya zan yi? Ta sa goshi a ƙasa fa, a gaban mutane.”

“Kai me kake so?”

Ya dubi tukunya. Ya ce, “Ni dai abin da na sani, Yaya ba ta son sanyi. Wannan farin ƙyallen da za a sa mata kuwa, ko mage ba zai ɗumama ba.”

Na dube shi, ya dube ni. Ban taɓa sanin yana da wayo ba sai ranar.

Da safe mai shirya gawa ta zo, mace mai matsakaicin shekaru, 'yar garin nan. Muka wanke ki tare. Da ta ɗauko fararen kayan tafiya na ce ta dakata, na buɗe akwatin ajiya na fito da rigar. Ƙamshin turarenki yana nan a jikinta. Muka sa miki farin, muka ɗora shunayyar a kai, na ɗaure miki wuya kamar yadda na saba kafin a buga katako. Doka ce ba a sa ƙarfe ko dutse ko tangaran a akwatin gawar da zai shiga wuta, kuma aikin matar ne ta duba. Ta bi lafin hannun rigar da yatsunta, ta ji abu mai tauri, ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, “Uwata ta kalli Yarima har idonta ya mutu.” Ta ƙara shafawa ta ce, “Ɗinki ne ya dunƙule.” Ta ja farin mayafi ta rufe ki tun daga ƙafa har haɓa.

Kuma Yaya, ga albishir, tunda ba ki ga madubi ba. Mutuwa ta gyara abin da ciwo ya karkatar. Bakinki ya koma daidai, goshinki ya saki. Hoda kaɗan na shafa miki, na ja girar sama yadda kike so. Duk wanda ya leƙa akwatin nan ya ga Yarima yana barci, kuma babu kamara ko ɗaya a ɗakin.

Malamin haikali ya gama karatunsa, aka zo sallamar ƙarshe, inda kowa yake ɗaukar fure ya sa wa mamaci kafin a rufe. Na ja gefe na zuba wa Kazane ido. Wasu guda ɗaya suke ɗauka, ita ta cika hannu biyu. Ta jera fararen furanni a kan ƙirjinki, a kan kafaɗunki, a kan hannayenki, tana danna su da tafin hannu, tsakaninta da abin da ta zo nema bai wuce kaurin mayafi ba. Ta sunkuya ta ce da muryar da na bayan ɗaki ma zai ji, “Malama, ki huta. Zan kula da ita.” Da aka kawo dutsen da dangi suke buga ƙusar murfi da shi, ta shiga layin dangi ba wanda ya kira ta, ta buga nata da ƙarfi. Na ji daɗin ƙarar nan har cikin raina, kuma ban ji kunyar jin daɗin ba.

A gidan ƙona gawa, bayan an rufe ƙofar wuta, aka kai mu ɗakin jira aka kawo shayi da shinkafa. Ta zo ta zauna kusa da ni ta zuba mini shayi da hannu biyu.

“Malama Fusae, kin rame. Ina aka ajiye rigar ne? Ina fatan dai ana sa mata maganin asu.”

“Kwantar da hankalinki,” na ce. “Asu ba zai taɓa ta ba.”

“Na san ke da tsafta,” in ji ta, har da murmushi.

Aka kira mu tsintar ƙashi. Ga ki a kan faranti mai ɗumi, fara fat, 'yar kaɗan, ke da kike cika dandamali. Ma'aikacin wurin ya raba mana dogayen tsinkaye, ya ce a fara daga ƙafa a hau sama don ki tsaya daidai a cikin tulu, mutum biyu-biyu, ƙashi ɗaya a tsakaninsu. Rokuro da 'yarsa Suzue suka fara. Sauran dangi suka bi. Da aka iso hannu sai na juya na ce da ƙarfi, “Kazane, zo. Ai ke 'yarta ce.” Ta taho da sauri, ta ji daɗi an faɗa a gaban mutane.

Muka sa tsinkaye muka ɗaga ƙashin hannunki na dama, wanda ta sa ki ɗagawa ranar nan. A ƙarƙashinsa, cikin toka, ga su nan a jere, 'yan ƙwayoyin yumɓu masu huji, wuta ta mayar da su jajaye. Abin da aka riga aka gasa wuta ba ta da abin da za ta yi masa. Duk ɗakin nan mu uku ne muka san su, ni da Rokuro da ita, kuma yatsun Kazane sun taɓa su ta cikin alharini kowace yamma tsawon ƙuruciyarta.

Na ga idonta ya sauka a kansu. Jini ya bar fuskarta, ta buɗe baki. Amma ba a magana a wurin nan, ba a sakin ƙashi, ba a ja da baya, ga dangi sun kewaye mu kowa ya sunkuyar da kai. Dole ta riƙe, dole ta taka tare da ni har bakin tulu, ni kuwa tsohuwa ce, ba na sauri. Na matso da bakina kusa da kunnenta na ce a hankali, “Riƙe da kyau. Kada ki yar da Malamarki sau biyu.”

Ta riƙe. Ke kika koya mata riƙon tsinke, ba ta yar ba.

Ma'aikacin ya ga ƙwayoyin ya ɗaure fuska, ya ce wannan kuma mene ne. Rokuro ya ce, “Na Babanmu ne, ta ara ba ta mayar ba. Sa su ciki ta kai masa.” Aka sa su a tulun tare da ke.

A waje, a bakin mota, ta tare ni. Kwalliyar ta zube wannan karon, hawayen na gaske ne, amma na san ba ke take yi wa ba.

“Kin san abin da kika ƙona? Kin kashe Yarima! Ba na uku, ba na huɗu, har abada!”

“Na fi ki sanin abin da na ƙona,” na ce. “Ke sa shi kike son yi. Ni sonsa na yi.”

Gaskiya ta faɗa, kuma ba zan ɓoye wa masu karatu ba. Yarima Munetoki ya ƙare, da hannuna na rufe shi. Ba wata yarinya da za ta ƙara tsayawa a kan dandamali baki buɗe ta manta kalmominta kamar yadda na yi. Tun ina budurwa shi nake so, saboda shi ban kalli wani namiji ba, kuma yanzu babu inda zan je in gan shi. Abin yana ci mini rai kowace safiya in na wuce akwatin ajiyar nan da babu komai a ciki. Amma in aka mayar da ni ɗakin, aka miƙo mini rigar, zan sake ɗaure miki ita a wuya.

Kazane, na san za ki karanta wannan, domin ba kya barin takardar da sunanki yake ciki. Zauren da kika kama yana nan, ki hau. Ki sa masu ɗinki su yi miki shunayya wadda ta fi waccan sheƙi, ki juya, ki ɗaga hannu. Duk wanda ya karanta shafin nan zai zuba wa hannun rigar ido, kuma ke ma za ki ji yadda yake fal-fal. Ina yi miki fatan tsawon rai, da lafiyar ido, da madubi a kowane ɗaki.

Ke kuwa Yaya, Mai rahama ya yi miki rahama, ya yafe miki kurakuranki, waɗanda mafi girmansu shi ne yarda da mutane. Ya haskaka miki hanyar da kika kama, ya sa ki haye kogin nan na matattu ba tare da ruwa ya taɓa bakin rigarki ba. Uwar ƙungiya ta tarbe ki, Gwaggo Otane ta samo miki wuri mai ɗumi, tsohon kuma ya karɓi kayan tarunsa ya daina mita.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Rokuro, wanda ya ɗauke ki a bayansa shekarun ciwon nan bai taɓa cewa ya gaji ba, da Suzue da 'ya'yanta, da sauran 'yan ƙungiyarmu da suka rage, da maƙwabtan da suka rufe tagoginsu, da duk macen da ta taɓa riƙe hannunki a bakin ƙofa ta koma gida tana jin ita ma an gan ta. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Sunan da ban sa a nan ba, ba mantawa na yi ba.

Ba zan daɗe ba, Yaya, gwiwoyina sun riga sun faɗa mini. In kin ji takuna kada ki juyo da wuri. Ki ba ni baya, ki ɗaga hannun, ni kuma zan kalle ki yadda na saba.